Kwamfutar kwaikwayo da sauyin hanyar sadarwa

Kwamfutar kwaikwayo wata kwamfuta ce da ba ta da gangar jiki. Manhaja ce ke ƙirƙirar ta a cikin wata kwamfutar ta zahiri, ta yanka mata wani kaso na ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da ƙarfin sarrafa bayanai, har ta iya ɗaukar babbar manhajarta daban. Ta wannan hanya mutum kan tafiyar da Linux a cikin laftof mai Windows ba tare da ya goge komai ba. Kwamfutar zahirin ana ce mata mai masauki, ta kwaikwayon kuma baƙuwa.

Ɗaya daga cikin matsalolin da masu amfani da ita suka fi cin karo da su ita ce ɓacewar baƙuwa idan laftof ta sauya hanyar sadarwa, misali daga Wi-Fi na makaranta zuwa hotsifot na wayar hannu, ko daga wayar wani zuwa ta wani. Baƙuwar tana nan a kunne, aikinta bai tsaya ba, amma adireshin da aka same ta da shi jiya ba ya amsawa yau. Matsalar ta fi damun mutanen da intanet ɗinsu ba na wuri ɗaya ba ne, wato masu dogaro da datar waya da layuka biyu ko uku, kamar yadda abin yake a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwan karkara na Arewacin Najeriya.

Suna da kalmomi

Babu suna guda da aka tsayar wa wannan na'ura a Hausa. Kalmar "kwaikwayo", daga aikatau "kwaikwaya", ta fi dacewa saboda tana nuna abin da ke yin irin aikin wani alhali ba shi ba ne. Ce mata "ta bogi" ba daidai ba ne, domin bogi na ɗauke da ma'anar yaudara, ita kuwa aikinta na gaske ne: lissafin da ta yi lissafi ne, fayil ɗin da ta ajiye yana nan.

Kalmomin "mai masauki" da "baƙo" sun zauna daram, domin fatauci ya daɗe da sanin wannan dangantaka. A cinikin goro da na shanu, falken da ya isa garin da ba nasa ba yakan sauka wurin mai gida, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a wurin mutanen gari. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Duk tsare-tsaren haɗa baƙuwa da duniya amsa ce ga tambaya irin ta falke: shin baƙo zai shiga kasuwa da sunansa, ko zai fake da sunan mai gida, ko kuwa zai zauna a cikin gida kawai?

Akwai kuma ruɗanin da ke cikin kalmar "netwok". A maganar yau da kullum, netwok ko sabis na nufin ƙarfin siginar waya, shi ya sa ake cewa "babu netwok". A ilimin kwamfuta kuwa, hanyar sadarwa na nufin rukunin na'urorin da ke haɗe da juna a ƙarƙashin tsarin adireshi ɗaya, ko da intanet ko babu. Wayoyi biyu da ke tura wa juna fim ta Xender suna kan hanyar sadarwa ɗaya, alhali ba su taɓa data ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Tarihi

Kamfanin IBM ne ya fara gina kwamfutocin kwaikwayo a shekarun 1960 da tsarin CP-40 da CP-67, sannan VM/370 a 1972. Waɗannan manyan injuna ne da ke cike ɗaki, ba sa motsi. Ƙa'idar IP ta huɗu, wadda aka wallafa a 1981, ita ma an tsara ta ne bisa zaton cewa adireshi na nuna wurin da na'ura take zaune. Sai daga baya fasahar ta sauko kan kwamfutocin jama'a: VMware Workstation a 1999, QEMU na Fabrice Bellard a 2003, VirtualBox na kamfanin innotek na Jamus a 2007 (Sun ta saye shi a 2008, Oracle ta gaje shi a 2010), KVM a cikin Linux a 2007, sai Hyper-V na Microsoft a 2008. Da kwamfutar kwaikwayo ta shiga jakar goyo, sai tsohon zaton ya fara ba da matsala. An fitar da wata ƙa'ida mai suna Mobile IP a 1996 don na'ura ta riƙe adireshinta duk inda ta je, amma ba ta samu karɓuwa wurin talakawan masu amfani ba.

Dalilin ɓacewar

Duk na'urar da ta shiga wata hanyar sadarwa tana karɓar adireshin IP a matsayin aro. Mai ba da aron ita ce rauta, ko MiFi, ko wayar da aka kunna wa hotsifot, ta hanyar ƙa'idar DHCP. Aron yana da wa'adi, kuma na'ura kan nemi sabuntawa idan rabin wa'adin ya wuce.

Kowace na'urar rarrabawa tana da nata zangon lambobi, wanda take ɗauka daga rukunai uku da aka keɓe don amfanin cikin gida tun 1994: masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Hotsifot na iPhone na raba adireshin da ke farawa da 172.20.10. MiFi da yawa na kamfanin Huawei na amfani da 192.168.8. Tsofaffin wayoyin Android sun saba da 192.168.43, sababbin kuwa sukan zaɓi zango da kansu, ya kuma sauya daga lokaci zuwa lokaci ko da wayar ɗaya ce. Ke nan wanda ya tashi daga MiFi na shago ya koma kan wayarsa a gida ya sauya unguwa baki ɗaya, ba lambar gida kaɗai ba.

Abu na biyu shi ne yadda ƙa'idar TCP ke gane zance tsakanin na'urori biyu. Tana gane shi da abubuwa huɗu: adireshin mai aikawa da ƙofarsa, adireshin mai karɓa da ƙofarsa. Ƙofa a nan lamba ce da ke nuna wace manhaja ake nufi a cikin kwamfutar, kamar 22 ga SSH, 80 da 443 ga shafukan yanar gizo. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya sauya, zancen ya mutu, sai an buɗe sabo.

Tsarin gada

A tsarin gada, baƙuwa na shiga kasuwa da sunanta. Tana neman adireshi kai tsaye daga rauta kamar kowace waya ko laftof da ke wurin, kuma sauran na'urori na ganin ta. Wannan ne tsarin da ya fi jan hankalin masu koyo, domin da zarar an zaɓe shi komai na aiki, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan an tashi.

Dalili shi ne, sau da yawa baƙuwa ba ta san an tashi ba. Igiyar da ke haɗa ta da mai masauki ta kwaikwayo ce, ba wanda ya zare ta, don haka sai ta ci gaba da riƙe tsohon adireshi tana neman rautar da aka baro a baya, har sai wa'adin aro ya zo. Maganin gaggawa shi ne a zare igiyar a mayar. A VirtualBox ana yin haka daga alamar katin sadarwa da ke ƙasan tagar baƙuwa, ko da umarni:

VBoxManage controlvm "Ubuntu" setlinkstate1 off
VBoxManage controlvm "Ubuntu" setlinkstate1 on

VMware Workstation yana da zaɓin da ke sa baƙuwa ta ji duk lokacin da haɗin mai masauki ya yanke ko ya dawo. Amma ko an yi wannan, abin da aka samu shi ne sabon adireshi, wanda sai an leƙa cikin baƙuwar an gano shi, a kuma gyara duk inda aka rubuta tsohon. Wanda ya kafe wa baƙuwa adireshi na dindindin a kan gada ya fi shiga uku, domin lambar 192.168.8.50 ba ta da ma'ana a hotsifot mai farawa da 172.20.10.

Bayan haka, gadar VirtualBox ɗaure take da katin sadarwa guda da aka zaɓa da suna. Idan an bar igiyar Ethernet an koma Wi-Fi, ko an jona waya ta USB, dole a sake zaɓen kati. Shi kansa Wi-Fi ba a yi shi don ɗaukar fasinja ba: rauta na karɓar saƙo ne kawai daga lambar MAC ɗin katin da ya yi rajista da ita, shi ya sa manhajar kan aika saƙon baƙuwa da lambar mai masauki, dabarar da ba kowace rauta ke jurewa ba. A otal-otal da wasu makarantu kuma ana hana na'urori ganin juna da gangan.

Tsarin NAT da tura ƙofa

A tsarin NAT, baƙuwa na fakewa da sunan mai gida. VirtualBox na ba ta adireshi 10.0.2.15, ya nuna mata 10.0.2.2 a matsayin mafita, kuma waɗannan lambobi ba sa sauyawa ko laftof ta je ina. Duk abin da ta nema daga intanet, mai masauki ne ke nema a madadinta ta kowace hanya yake kai a lokacin. Shi ya sa wannan tsari ne ake samu tun farko idan an ƙirƙiri sabuwar baƙuwa.

Illarsa ita ce ba mai iya sallama da baƙuwa daga waje, har shi mai masaukin. Ana warware wannan da tura ƙofa, wato a ce duk wanda ya ƙwanƙwasa wata ƙofa ta mai masauki a miƙa shi ga wata ƙofa ta baƙuwa:

VBoxManage modifyvm "Ubuntu" --natpf1 "ssh,tcp,127.0.0.1,2222,,22"

Daga nan sai a shiga da ssh -p 2222 suna@127.0.0.1. Adireshin 127.0.0.1 na nufin "ni kaina" a kowace kwamfuta. Ba rauta ce ke ba da shi ba, don haka ba ya sauyawa, yana aiki ko an kashe Wi-Fi gaba ɗaya. Manhajar Vagrant, wadda Mitchell Hashimoto ya fara a 2010 don sauƙaƙa tayar da irin waɗannan kwamfutoci, wannan dabara take bi, da wannan ƙofa ta 2222.

Sauran manhajoji sun ɗan bambanta. A VMware, mai masauki yana da nasa katin a cikin zangon NAT, wanda ake kira VMnet8, saboda haka yana isa ga baƙuwa kai tsaye. Haka ma KVM idan ana tafiyar da shi ta libvirt, inda zangon yake farawa da 192.168.122. Hyper-V ne ke da hali na daban: mahaɗar da yake zuwa da ita takan sauya zango bayan an sake kunna Windows, don haka mai son lamba tabbatacciya sai ya ƙirƙiri tasa mahaɗar ta ciki.

Tsarin cikin gida da kati biyu

Tsari na uku igiya ce tsakanin mai masauki da baƙuwa kawai, babu mafita zuwa waje. A VirtualBox mai masauki kan ɗauki 192.168.56.1, ana kuma raba wa baƙi lambobi daga 192.168.56.101 zuwa sama. A VMware sunansa VMnet1. Tunda igiyar ba ta ratsa Wi-Fi ko waya ba, sauyin hanyar sadarwa bai shafe ta ba ko kaɗan.

Mafita mafi inganci ga mai laftof ita ce a haɗa biyun: a ba baƙuwa katin sadarwa biyu, na farko NAT don fita intanet, na biyu na cikin gida don shiga wurinta.

VBoxManage modifyvm "Ubuntu" --nic1 nat --nic2 hostonly

Sai a zaɓa wa kati na biyu igiyar cikin gida da aka ƙirƙira, a kafe masa adireshi a cikin baƙuwar, misali 192.168.56.10, lambar da ke ƙasa da inda rabon DHCP ke farawa don kada a yi karo. Wannan ya fi tura ƙofa sauƙi idan manhajojin da ke cikin baƙuwa suna da yawa, kamar rumbun bayanai da shafin yanar gizo da SSH, domin duk ƙofofinta a buɗe suke ga mai masauki. Baƙi biyu ko uku ma na iya magana da juna ta nan, abin da NAT ɗin VirtualBox na asali ba ya bari, tunda a can kowace baƙuwa ita kaɗai ce a ɗakinta da 10.0.2.15 ɗinta.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan tsari shi ne a rubuta adireshin mafita a kan kati na biyu. Idan aka yi haka, baƙuwa za ta riƙa tura saƙon intanet ta ƙofar da ba ta kai ko'ina, sai a ga shiga na yiwuwa amma intanet ya ɗauke. Gurbin mafita a katin cikin gida barin sa ake yi fanko.

Don kada a riƙa haddace lambobi, ana iya raɗa wa baƙuwa suna a fayil ɗin hosts na mai masauki, wanda ke /etc/hosts a Linux da macOS, da kuma C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts a Windows.

Isa gare ta daga nesa

Duk abin da ya gabata na mai laftof ne da kansa. Idan ana so wani da ke wani gari ya shiga baƙuwar, misali malami a Katsina ya duba aikin ɗalibinsa da ke Faskari, lamarin ya fi wuya.

Adireshin IP na huɗu kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar hukumar da ke raba su ta raba na ƙarshe a ranar 3 ga Fabrairu, 2011. Saboda ƙarancin, kamfanonin waya kan tara dubban masu layi a bayan adireshi ɗaya na waje, tsarin da ake kira CGNAT, wanda aka keɓe masa zangon 100.64 zuwa 100.127 a 2012. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake yi wa masu amfani na gida. Sakamakon haka, baƙuwar da ke kan hotsifot tana bayan katanga uku: ta manhajar kwaikwayo, ta wayar, da ta kamfanin. Ta farko a hannun mai laftof take, ta ƙarshe kuwa ba shi da iko a kanta. Shi ya sa tsohuwar dabarar nan ta ɗaura suna a kan adireshi mai sauyawa, wadda ke aiki a gidajen da ke da adireshin waje nasu, ba ta da amfani a kan datar waya. IP na shida yana da adireshi isassu, amma shi ma farkon lambarsa na sauyawa idan an sauya kamfani.

Abin da ke aiki shi ne a juya al'amarin: maimakon a jira a kira baƙuwa, ita ta riƙa kira. Katangun nan duka suna barin fita, suna kuma barin amsa ta dawo. Hanya mafi tsufa ita ce SSH da kansa, wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finlan a 1995. Baƙuwa na buɗe haɗi zuwa wata uwar garke mai adireshi tabbatacce da zaɓin -R, sai duk wanda ya shiga wata ƙofa ta uwar garken ya faɗo cikin baƙuwar. Ƙaramar manhaja mai suna autossh na sake buɗe haɗin duk lokacin da ya yanke.

WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta kuma ya shiga cikin Linux a Maris na 2020, ya fi dacewa da mai yawo. Ba da adireshi yake gane abokin magana ba, da mabuɗin sirri yake gane shi. Idan saƙo mai sahihin mabuɗi ya zo daga sabon adireshi, sai ya mayar da amsa can, ba tare da an sake komai ba. Akan sa shi ya riƙa aika ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa 25 don kada katangar kamfani ta manta da hanyar. Amma yana buƙatar aƙalla ɓangare ɗaya mai adireshin waje, wato hayar uwar garke, wadda galibi da kuɗin waje ake biya. Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard, da kuma ZeroTier, sun ɗauke wannan nauyi: suna ba kowace na'ura adireshi na dindindin, su nemo hanyar haɗa biyun kai tsaye, idan ta ƙi su bi da saƙon ta uwar garkensu. A cikin baƙuwar ya kamata a ɗora irin wannan manhaja, ba a kan mai masauki kaɗai ba, ta yadda adireshin zai bi ta ko an kwafe ta zuwa wata laftof.

Aikin da ke yankewa

Zaman SSH da aka buɗe ta 127.0.0.1 ko ta igiyar cikin gida ba ya mutuwa don an sauya Wi-Fi. Wanda ke mutuwa shi ne wanda ya ratsa intanet, tare da duk aikin da ke gudana a cikinsa. Ana kare aikin da tmux ko screen, waɗanda ke ci gaba da tafiyar da shi ko mai shi ya ɓace. Mosh, wanda Keith Winstein ya fitar daga jami'ar MIT a 2012, an yi shi ne musamman don zaman ya jure sauyin adireshi da barcin laftof.

Sauke manyan fayiloli ma na yankewa, kuma ga mai sayen data wannan asarar kuɗi ce. Umarnin wget -c na ɗorawa daga inda aka tsaya maimakon farawa daga farko.

A kudancin Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, a shiyyar Funtuwa, kusa da iyakar Zamfara da Kaduna. Intanet ɗin yawancin mutane a nan na wayar hannu ne, ta MTN ko Airtel ko Glo, kuma riƙe layi fiye da ɗaya abu ne da aka saba, domin inda wannan ya ja, wancan bai ja ba. Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya dawo gida hutu da aikinsa a cikin laftof, zai iya ratsa hanyoyin sadarwa huɗu ko biyar a mako guda.

Yankin ya ga sauyi mafi tsanani da hanyar sadarwa ke iya yi, wato ɗaukewa gaba ɗaya. A farkon Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Bayan 'yan kwanaki aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ciki har da waɗannan ukun da maƙwabtansu Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume. A watan Disamba aka fara mayar da sabis, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na cikin waɗanda ba a buɗe ba a zagayen farko. Watanni ke nan mutane na yin tafiya zuwa wasu garuruwa don kiran waya ko tura kuɗi.

A irin wannan yanayi ne bambancin tsare-tsaren ke fitowa fili. Duk dabarar da ta dogara da uwar garke ta nesa ba ta da amfani. Igiyar cikin gida da tura ƙofa ta 127.0.0.1 kuwa ba su san an rufe komai ba. Hatta raba baƙuwa ga mutanen ɗaki ɗaya na yiwuwa, domin rauta ko MiFi na ci gaba da raba adireshi ko layin da ke cikinta ba ya ja. Baƙuwa ɗaya mai ɗauke da Kiwix, manhajar karanta kundin bayanai ba tare da intanet ba, ko Moodle, ko manhajar atisayen jarrabawa, na iya yi wa aji guda hidima. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015.

Ga cibiyar da ke irin wannan hidima, sauyin adireshi na nufin duk kwamfutocin ɗalibai su rasa uwar garke a lokaci ɗaya. Abin da ya fi shi ne cibiyar ta mallaki rautarta, ko da ƙarama ce, a kafe wa baƙuwa lamba a cikinta, a kuma haɗa laftof ɗin da igiya. Intanet kuwa ya shigo wa rautar daga baya ta kowace waya ko layi aka samu. Ta haka sauyin na faruwa a bayan gida, na cikin ɗaki ba su ji ba.

Tsaro

Idan aka bar gurbin adireshin mai masauki fanko wajen tura ƙofa, ƙofar za ta buɗe ga duk wanda ke kan hanyar sadarwar da laftof ta shiga, ba ga mai ita kaɗai ba. A gida wannan ba komai ba ne, amma a Wi-Fi na jama'a haɗari ne, musamman ganin cewa kwamfutocin kwaikwayo da ake saukewa a shirye sukan zo da kalmar sirrin da kowa ya sani, kamar vagrant ko kali. Masu koyon tsaron intanet da ke atisaye da Metasploitable, wadda aka cika ta da ɓaraka da gangan, bai kamata su ɗora ta a kan gada ba sam. Igiyar cikin gida ce wurinta.

Ta ɗaya ɓangaren, katangar tsaro ta Windows kan ɗauki sabuwar hanyar sadarwa a matsayin ta jama'a, ta toshe shigowa. Sau da yawa wannan ne dalilin da ya sa ƙofar da aka buɗe wa abokan aiki a ofis ta ƙi amsawa a wani wuri, ba laifin baƙuwar ba.

Ƙananan matsaloli

Wani lokaci baƙuwa na isa ga adireshin lamba amma ba ta gane sunayen shafuka, domin tana tambayar uwar garken DNS ta wurin da aka baro. A VirtualBox, zaɓin --natdnshostresolver1 on na sa ta riƙa tambayar mai masauki.

Karon zango ma na faruwa. Idan hanyar da laftof ta shiga ta zo daidai da zangon igiyar cikin gida, mai masauki ba zai san ta wane kati zai aika saƙo ba. Shi ya sa ba a so a zaɓa wa igiyar zango irin 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8, waɗanda rautoci suka fi amfani da su.

Sai agogo. Inda wuta ba ta tsayawa, laftof kan yi barci sau da yawa a rana, ko a daskarar da baƙuwa a tashe ta bayan kwanaki. Idan ta farka agogonta na baya, shafukan da ke da takardar shaidar tsaro na iya ƙin buɗewa, apt na Debian da Ubuntu kuma ya ce lokacin fayil ɗin bai yi ba tukuna. WireGuard ma na ƙin gaisuwar da lokacinta bai wuce na wadda ya karɓa a baya ba, abin da kan faru idan an mayar da baƙuwa kan wani tsohon hoton da aka ɗauka na halin da take ciki. Ƙarin manhajojin baƙo da VirtualBox da VMware ke bayarwa suna daidaita agogon baƙuwa da na mai masauki, ko babu intanet.